Akanta ya ce mun ci ribar miliyan 6, amma dubu 410 ne a akawun, ina kuɗin suka shiga?

Abban Sultan: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lissafi domin tun jiya abin nan ya hana ni barci. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana ƙaramin gidan fiya wata a Rigasa da ke Kaduna, ƙanina ne yake kula da shi tun bayan rasuwar, ni kuwa aikin lab nake yi a asibiti ban taɓa riƙe kasuwanci ba. Mu tara ne magada har da iyayenmu mata biyu. Da shekara ta zagayo muka ce a kawo lissafi, sai ya ɗauko wani akanta ya haɗa takardu shafi 11, a ciki an rubuta cinikin shekara miliyan 48, riba miliyan 6 da dubu 200. Kowa ya yi hamdala, ƙannena mata har sun fara lissafin abin da zai zo hannunsu, sai na ce to a nuna min akawun ɗin banki, wlh dubu 410 ne kacal a ciki. Ba na son in zargi yaron nan, da asuba yake fita sai bayan isha'i yake shigowa gida, amma kuma ni ne babba ni za a tambaya. Ranar Asabar za mu zauna gaba ɗaya a ɗakin Hajiya. Me zan ce musu?

Ɗan Kawo: Wa'alaikumussalam. Yaya gaskiya ɗaya ce, riba miliyan 6 ba ta tashi sama ba, ko ƙanin ko akantan ko su biyun. Ka nemi lauya kawai

Maman Ilham: Haba Ɗan Kawo, ka ga takardun ne? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle maganar 'yan'uwa ciki ɗaya. Abban Sultan dan Allah kar ka furta kalmar sata a gaban iyayenku har sai ka fahimci abin da ke cikin takardar. Anti Akanta tana cikin gidan nan, bari in taɓo ta

Anti Akanta: Wa'alaikumussalam, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Abban Sultan kwantar da hankalinka tukuna, abin da ka gani shi ne abin da ya fi rikita duk wanda bai karanci harkar ba, kuma shekara 14 ina wannan aikin kusan duk wata sai wani ya zo min da irin wannan tambayar ransa a ɓace. Riba daban, kuɗin da ke akawun daban. Ba na cewa ba a ci kuɗinku ba, ban sani ba, amma bambancin da ka gani shi kaɗai ba hujja ba ne.

A cikin shafi 11 ɗin nan akwai takardu uku da su ne ƙashin bayan komai. Ta farko takardar riba da asara, ita ce ka karanta. Ta biyu takardar da ke nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake binsa a rana ɗaya tak, yawanci ranar ƙarshe ta shekara. Ta uku takardar shige da ficen tsabar kuɗi, mu muna ce mata kash fulo. Amsar tambayarka tana cikin ta biyu da ta uku, kai kuma ta farko kaɗai ka duba.

Ga yadda abin yake. A ƙa'idar lissafi ranar da kaya suka bar hannunka zuwa hannun mai saye ranar aka yi ciniki, ko ya biya ko bai biya ba. To idan motarku ta sauke jaka 200 a wani shago a Tudun Wada mai shagon ya ce sai ƙarshen wata, akanta ya riga ya rubuta ciniki, ribar wannan jaka 200 ta shiga cikin miliyan 6 ɗin nan, amma ko sisi bai shiga banki ba. Ka duba takarda ta biyu za ka ga wani layi na bashin da kuke bin mutane, ka faɗa min nawa ne a bana kuma nawa ne a bara, domin ana jera shekara biyu gefe da gefe.

Abban Sultan: Anti na gode, na duba. Idan layin da nake zato ne, bara dubu 900 ne bana miliyan 3 cif

Anti Akanta: To ka gani, miliyan 2 da dubu 100 daga cikin ribarku tana hannun mutane a gari. Riba ce ta gaske a takarda amma ba za ka iya raba ta ranar Asabar ba. Yanzu duba layin haja, wato ledar da ba a buga ba da ruwan da aka buga ba a sayar ba

Abban Sultan: Bara dubu 700 bana miliyan 2

Anti Akanta: Ga wata miliyan 1 da dubu 300 nan, tana jingine a sito a matsayin nadin leda. An fitar da kuɗi an saye ta amma ba a lissafa ta cikin kashe-kashen bana ba tunda ba a yi amfani da ita ba tukuna, sai ranar da aka buga ruwa da ita aka sayar sannan za ta zama kashewa. Zan je ɗauko yara daga islamiyya, in na dawo mu ƙarasa, ka nemo min ko an sayi wani babban abu a shekarar da kuma ko akwai rancen da ake biya

Alhajin Kasuwar Gumi: Ni fa duk wannan dogon bayanin ban ga abin da ya ƙara a kan abin da iyayenmu suka koya mana ba. Shekara 31 ina sayar da atamfa da shadda ban taɓa ɗaukar akanta ba kuma ban karye ba alhamdulillah. Duk shekara kafin azumi nake rufe shago kwana biyu ni da yarana, mu ƙirga kowane turmi kowane yadi mu yi masa kuɗi a farashin ranar, in haɗa da abin da ke banki da na aljihu, in buɗe littafin bashi in ware wanda nake da tabbacin za a biya, wanda ya gudu ko ya karye in ajiye shi gefe, sannan in duba abin da mutanen Kwari suke bina. Abin da ya tsaya shi ne dukiyata, in fitar da zakka ɗaya cikin arba'in. In ya fi na bara na san na ci gaba, in bai kai ba na san akwai inda ke yoyo. Shikenan lissafi

Injiniya Barnawa: Alhaji ranka ya daɗe ai abin da ka faɗa shi ne takarda ta biyu da Anti take magana, kai dai ba ka sa mata suna ba ne. Kaya da kuɗi da bashin da kake bi a gefe ɗaya, bashin da ake binka a ɗaya gefen, ragowar shi ne jarinka

Alhajin Kasuwar Gumi: To in haka ne me ya sa ake biyan mutum dubban kuɗi ya rubuta da turanci abin da yaron shago zai iya yi

Injiniya Barnawa: Saboda kai shagonka naka ne kai kaɗai, abin da ke kanka ya ishe ka. Su tara ne, bakwai a cikinsu ba sa zuwa wajen, dole a samu takardar da kowa zai duba. Kuma hanyarka tana gaya maka ka ci gaba ko ka ci baya amma ba ta gaya maka dalili, shin farashin leda ne ya tashi, ko dizal ne, ko direba ne yake karkatar da jaka. Takardar riba da asara ce take warware wannan layi layi. Ni ma da haka nake, lokacin da aka ba ni manajan wani aiki aka fara turo min rahoton wata wata kunyar tambaya nake ji, sai in duba layin ƙarshe kawai in sa hannu, sai da muka kai wata huɗu ba mu iya biyan lebura a kan lokaci alhali takarda tana cewa muna cin riba sannan na zauna da akantanmu na ce koya min kamar ɗan firamare. Ashe duk kuɗin suna hannun wanda ya ba mu kwangila bai biya ba

Malam na Unguwar Sarki: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta wa mamacin. Ina so in ƙara abu biyu. Na farko Alhaji abin da kake yi shi ne abin da malamanmu na Malikiyya suka faɗa a kan ɗan kasuwa mai jujjuya haja, ya yi wa kayansa ƙima duk shekara ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran samu. Amma rubutu ba na boko ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu, kuma ta hana a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Miliyan 3 a hannun mutane ya kamata a ce kowane ɗaya akwai suna da rana da adadi.

Na biyu Abban Sultan, in dai ba a raba gadon ba tukuna to ku kula, ba ribar shekara kaɗai ce abin dubawa ba. Bashin da ke kan mamaci ana fara biyansa kafin magada su ɗauki komai, kuma in akwai marayu ƙanana a cikinku to hakkinsu yana wuyan manya. Ku samu malamin da ya san rabon gado ku zauna da shi tare da akantan a wuri ɗaya

Abban Sultan: Allah ya saka da alheri Malam, akwai ƙananan biyu, ɗaya yana aji huɗu na firamare. Wannan ne ma ya sa abin ya tsaya min a rai

Anti Akanta: Na dawo. Alhaji ba mu da saɓani da kai wlh, da duk 'yan kasuwa suna yin abin da kake yi da rabin aikinmu ya ragu. Tsarin da muke bi ma daga wajen 'yan kasuwa aka ɗauko shi, wani malamin lissafi ɗan Italiya Luca Pacioli ya rubuta shi a 1494 a birnin Venis, kuma abin da ya tarar fatake suna yi ne ya tsara. Gaba ɗayansa magana ɗaya ce, duk kuɗin da ya motsa a rubuta inda ya fito a rubuta inda ya tafi, shi ya sa ɓangarori biyun takarda ta biyu dole su zo daidai, abin da aka mallaka daidai yake da bashi in an haɗa da jari.

Abban Sultan me ka samo?

Abban Sultan: Na kira shi na tambaye shi cikin lalama. Ya ce a watan biyar an sayi injin liƙe leda na biyu a miliyan 1 da dubu 800 saboda tsohon yana yawan tsayawa lokacin zafi, kuma gaskiya na tuna ya faɗa min a lokacin na ce ya yi abin da ya ga ya dace. Sannan akwai rancen da Baba ya karɓa ya sayi mota kafin ya rasu, ana biyan dubu 100 duk wata daga uwar kuɗin

Anti Akanta: Madalla. Waɗannan biyun su ne suka fi ruɗa mutane domin kuɗi ne ya fita da gaske amma ba za ka gan su a takardar riba da asara ba.

Injin da aka saya ba kashewa ba ce irin ta dizal da za a ƙona yau ya ƙare, kadara ce da za ta yi aiki shekaru. Don haka ba a ɗora miliyan 1.8 a kan shekara ɗaya, ana raba ta ne bisa shekarun da ake sa ran zai yi, in an ce shekara 6 to dubu 300 ke nan duk shekara, wannan shi ake kira zaizayar daraja. Kuɗin ya fita gaba ɗaya rana ɗaya amma takardar riba kaɗan kaɗan take ganinsa.

Shi kuma rance in ka biya uwar kuɗin ba asara ka yi ba, bashin da ke kanka ne ya ragu, kuɗinka ya ragu da dubu 100 bashinka ma ya ragu da dubu 100. Abin da banki ya ɗora a sama ne kaɗai yake shiga kashe-kashe. To dubu 100 sau 12, miliyan 1 da dubu 200.

Yanzu nemo min layin zaizayar daraja na bana gaba ɗaya, na mota da janareta da injina, sannan tambaya mai nauyi, gidan Baba daga ina ake cefane?

Abban Sultan: Zaizayar an rubuta miliyan 1 da dubu 500. Cefane kuwa daga nan ne mana, abincin gidan da kuɗin makarantar ƙananan, da lokacin da aka kwantar da Hajiya a asibiti, ni ma na karɓi dubu 150 da zan biya haya. Akwai wani layi a ƙasa da ya ce an cire miliyan 1 da dubu 350 ban gane shi ba sai yanzu

Anti Akanta: To ɗauki biro mu haɗa tare. Riba 6,200,000. Ka ƙara mata zaizaya 1,500,000 domin an cire ta a takarda amma ba wanda aka miƙa wa wannan kuɗin a bana, ya zama 7,700,000. Yanzu cire ƙarin bashin da kuke bi 2,100,000, ƙarin haja 1,300,000, sabon inji 1,800,000, uwar rance 1,200,000, abin da gida ya ci 1,350,000. In ka haɗa waɗannan biyar 7,750,000 ne. Ka ga abin da ya fita ya fi abin da ya shigo da dubu 50. Duba akawun ranar farko ta shekara, in lissafin akantan daidai ne ya kamata ka ga 460,000

Abban Sultan: Allahu Akbar. Anti dubu 460 ne wlh, ga shi a sitetimen ɗin banki. Jikina har rawa yake

Maman Ilham: Alhamdulillah. Ɗan Kawo ka gani ko

Ɗan Kawo: Na gani kuma ina ba Yaya haƙuri na yi gaggawa. Amma fa ban janye gaba ɗaya ba, lissafi ya daidaita ba yana nufin gaskiya ne ba. Wanda ya san aikin zai iya rubuta bashin da babu shi ya rubuta ledar da babu ita lambobi su haɗu tsaf. Kamfanin Enron na Amurka da manyan odita masu binciken lissafi a bayansa ya rushe a 2001 bayan shekaru ana nuna wa duniya riba, balle gidan fiya wata

Anti Akanta: Wannan maganar taka gaskiya ce kuma ita ya kamata ka fara da ita. Takarda tana iya ƙarya, kuma daidai wuraren nan biyu da ka ambata ake ɓoye ta domin kuɗin banki ba ya ƙaryatuwa amma bashi da haja sai an je an gani. Abban Sultan kafin Asabar ka yi abu uku da kanka ba sai da akanta ba. Ka je sito ka ƙirga nadin ledar ka tambayi kuɗin kilo a kasuwa ka ga ko ta kai miliyan 2. Ka karɓi jerin masu bashin da sunayensu da ranar da kowa ya karɓi kaya, ka zaɓi manya biyar ka kira su ko ka je da ƙafarka. Sannan rasit ɗin injin. In waɗannan sun tsaya to ƙaninka ya fita.

Amma ni abin da ya dame ni a lambobin nan ba sata ba ne. Bashin da kuke bi ya ninka fiye da sau uku a shekara ɗaya, cinikin ya ninka haka? Na tabbata a'a. Ma'ana ana sakin kaya bashi fiye da da, ko kuma tsofaffin masu bashi sun daina biya tunda mai gidan ya rasu suna ganin yaro ne ba zai iya matsa musu ba, wannan na sha gani. Ka raba jerin gida uku, wanda bai wuce wata ɗaya ba, wanda ya kai wata uku, da wanda ya haura wata shida. Duk wanda ya haura wata shida a harkar ruwan da ake sha yau a sayar yau, ka sa a ranka da wuya ya dawo, kuma in an cire shi ribar nan ba za ta kai miliyan 6 ba

Bintu Mai Kek: Anti dan Allah ni ma in sako tawa tunda an buɗe. Ina yin kek da cincin da donot a gida a Malali, oda ba ta yankewa, alat yana ta shigowa amma duk ƙarshen wata sai in ga ba ni da kuɗin buhun fulawa sai na karɓa a wajen maigida. Ba ni da masu bashi sosai kuma ban sayi inji ba to ni ina nawa suke zuwa

Anti Akanta: Bintu akawun nawa gare ki?

Bintu Mai Kek: Ɗaya ne Anti, nan kwastoma ke turowa nan nake sayen data da kayan yara da ankon biki

Anti Akanta: To ga shi nan ƙanwata. Buɗe na biyu gobe, yanzu a waya ma ana buɗewa, na sana'a daban naki daban, ki yanka wa kanki albashi duk wata ko dubu 40 ne ki tura can, in ya ƙare ya ƙare. Sannan ki zauna da kek ɗaya tak ki lissafa shi tun daga fulawa da bota da ƙwai da suga har gas da kwali da kintinkiri da kuɗin mai kai saƙo. Mata da yawa fulawa da ƙwai kawai suke lissafawa su manta gas da kwali, sai a yi ta aiki dare da rana ashe a kan kowane kek ɗari biyu ake samu ko ma faɗuwa ake yi. Abin da ya rage bayan kin cire kayan haɗi ribar farko ce kawai, sai kin cire su wuta da data da gyaran oben da albashinki sannan ki ga ribar gaske

Alhajin Kasuwar Gumi: A nan kam na yarda da ke Hajiya. Kuma akwai wanda ba ku faɗa ba wanda ya karya mutane da yawa a layinmu tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira. Ka sayi turmi dubu 18 ka sayar dubu 21 kana murna ka ci dubu 3, ka koma Kano ka tarar ya zama dubu 23. A littafi ka ci riba, a shago kuwa da kana da turmi 100 yanzu kuɗinka 91 zai saya. Na ga mutanen kirki suna cin wannan ribar suna aurar da 'ya'ya da ita ba su san uwar kuɗi suke ci ba sai da kanta ta zama fayau. Ni yanzu da turmi nake ƙirga arzikina ba da naira ba

Anti Akanta: Alhaji wannan darasi ne babba kuma takardunmu ma suna da rauni a nan domin yawanci da farashin da aka saya muke rubutawa. A watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ribar su Abban Sultan kusan kashi 13 ce cikin ɗari na ciniki, ka ga dole a yi hattara da rabawa. Kuma wata ƙila shi ya sa ƙanin ya tara leda da yawa, in don gudun tashin farashi ya yi to dabara ce ba laifi ba. Zaizayar ma haka, ana cire ta ne a kan tsohon farashin janareta, ranar da ya mutu za a je sayen sabo a farashin yau

Injiniya Barnawa: Har manya abin ya taɓa. MTN Najeriya ta yi cinikin sama da tiriliyan 2 a 2023 amma ta rufe shekarar da asarar kusan biliyan 137 saboda faɗuwar naira a kan abin da ake binta da dala. Duk wanda ya kalli layin ciniki kaɗai zai ce babu mai arzikinsu. Ni abin da na koya shi ne in fara karanta bayanan da ke shafukan baya, waɗanda kowa yake tsallakewa, a nan ake faɗin wa ake bi, wa ke bi, da yadda aka yi ƙimar kaya

Maman Ilham: Ni tambaya ɗaya nake da ita da ba wanda ya yi. Shi ƙanin da yake fita da asuba nawa ake biyansa?

Abban Sultan: Maman Ilham wlh kin taɓo inda ban taɓa tunani ba. Ba a biyansa komai, yana cin abinci a gida yana ɗaukar na mai da na kati, shikenan. Muna ganin ai na gida ne

Maman Ilham: To ku ji tsoron Allah a kansa. Kai kana karɓar albashinka a asibiti, shi ya ajiye nasa neman yana yi wa mutum tara aiki kyauta sannan a zo rabo ya ɗauki daidai da wanda bai taɓa leƙa wajen ba, kuma har a zarge shi

Anti Akanta: Kuma ta fuskar lissafi ma gyara ne. Da baƙo kuka ɗauka manaja da kun biya shi, a ce dubu 120 a wata, miliyan 1 da dubu 440 ke nan a shekara. Tunda ba a rubuta ba ribar ta kumbura da wannan adadin, guminsa ne kuke gani kamar riba. Ku yanka masa albashi a rubuce, shi ma zai samu natsuwa ku ma in kun tambaye shi lissafi ba zai ji kamar cin fuska ba ne

Ɗan Kawo: Wajen yana da rajista kuwa? Saboda maganar haraji

Abban Sultan: Akwai lambar NAFDAC, akwai kuma takardar hukumar rajistar kamfanoni CAC da sunan Baba

Anti Akanta: Duba ko sunan kasuwanci ne kawai ko kamfani mai limited domin ba ɗaya ba ne. In sunan kasuwanci ne to a doka shi da Baba abu ɗaya ne, harajinsa na mutum ne wanda hukumar jiha KADIRS ke karɓa, kuma tunda ya rasu sai kun gyara rajistar. In limited ne shi mutum ne mai zaman kansa a doka, hannun jarin Baba ne kuka gada, harajinsa na tarayya ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni ba dole sai sun naɗa odita ba amma ana sa ran su riƙa kai bayanin shekara shekara CAC. Sannan an sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yuni 2025 da suka fara aiki Janairun 2026, har hukumar harajin tarayya FIRS ta koma NRS, don haka kar ku yi aiki da abin da wani ya sani tun da, ku tambayi akantan a kan sabuwar. Shi ma ka tambaye shi ko ɗan ƙungiyar ƙwararrun akantoci ne, ICAN ko ANAN, ba raini ba ne, wanda yake da shaida ba ya jin haushin wannan tambayar

Alhajin Kasuwar Gumi: Shawarata ta ƙarshe ɗana, ranar Asabar kar ka shiga da takarda shafi 11 gaban iyayenka mata. Ka rubuta layi bakwai ɗin nan da Anti Akanta ta lissafa da Hausa a takarda ɗaya, ka ce ga ribar, ga inda take, kaza a hannun mutane, kaza a sito, kaza inji ne, kaza bashin mahaifinku aka rage, kaza mu muka ci. Kuma ka fara faɗin dubu 150 ɗin da kai ka karɓa kafin ka ambaci na kowa

Abban Sultan: In sha Allah haka zan yi Baba. Na gode muku gaba ɗaya, zan dawo da bayani

Abban Sultan: Salam jama'a, na ce zan dawo. Jiya bayan na tashi aiki na wuce Rigasa ban gaya masa zan zo ba. Na same shi a ƙarƙashin mota shi da makanike hannunsa duk baƙin mai. Mun shiga sito mun ƙirga leda nadi nadi muka ɗora a sikeli, ta ɗan haura abin da aka rubuta ma saboda kilo ya ƙara kuɗi. Rasit ɗin inji yana nan. Littafin bashi ne ya sa ni zama, wani tsohon littafi mai bangon kwali rabinsa rubutun Baba ne da ajami rabi nasa da biro ja. Mutum 37 ne. Goma sha ɗaya a ciki ba su biya ko naira ba tun ranar sadakar bakwai, jimlarsu dubu 840, kuma huɗu daga cikinsu abokan Baba ne da suke zuwa gaisuwa gidanmu, ya ce min ya je wajen ɗaya sau biyu ya kasa buɗe baki saboda mutumin ya goya shi yana yaro. Da na ce me ya sa bai faɗa min ba sai ya yi shiru idonsa ya kawo ruwa ya ce yana tsoron a ce ya kasa riƙe abin da Baba ya bari.

Mun yi magana da Hajiya da daddare, ta ce ita za ta aika a kira mutum huɗun da kanta. Sauran bakwai ni da shi za mu zaga ranar Lahadi. Anti in ba damuwa zan turo miki hoton shafin da na rubuta da Hausa ki duba min kafin gobe, akwai wajen zaizaya da har yanzu ban san yadda zan faɗa wa su Hajiya su gane ba

Anti Akanta: Turo. Ka ce musu janaretan da motar suna tsufa kullum, wannan kuɗin shi ne gwargwadon tsufan da suka yi a bana, in ba a ware shi ba ranar da suka tsaya babu na sayen wasu. Ina nan har ƙarfe goma